3.4 Yadda Utamaro Ya Zana Rayuwar Mata a Hotunan Bugun Katako

Kitagawa Utamaro, wanda ya rasu a 1806, shi ne ya fi yin fice wajen zana mata a birnin Edo na ƙasar Japan, wato Tokyo ta yanzu. Kafin a shiga nazarin aikinsa, ya kamata a san hanyar da hoton yake bi. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa a kan katako, mai bugu ya shafa launi ya danna takarda, sa'an nan ɗan kasuwa ya sayar. Kusan duk maza ne, kuma araha ake sayarwa. Saboda haka abin da mai saye yake son gani shi ake zanawa.

Wannan ya fito fili a jerin hotuna 12 da ya yi wajen 1800 a kan kiwon tsutsar siliki. An nuna mata suna tsinko ganye, suna ciyar da tsutsa, suna zare siliki, har zuwa saƙa. Matakan aikin sun cika. Amma abin lura a nan shi ne, matan dogaye ne sambal, tufafinsu tsaf, ba alamar gumi ko kaushi. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana surfe ya san aiki ba ya barin jiki haka. Za a iya cewa aikin na matan ƙauye ne, fuskokin kuwa na 'yan kwalisar birni.

Matsalar ta fi tsanani a hotunan Yoshiwara, unguwar da hukuma ta keɓe wa karuwai. Yawancin matan nan iyayensu ne suka ba da su tun suna yara saboda talauci da bashi, kuma ba su da ikon fita sai da izini. Hotunan ba su nuna bashin ba, sai kitso da madubi da rubuta wasiƙa.

Duk da haka, ba za a yi wa Utamaro adalci ba idan aka tsallake hoto guda cikin jerin da ya yi wajen 1794, mai bin sa'o'in yini a unguwar. Dare ya raba, mace ta tashi ita kaɗai da 'yar wuta a hannu, kayan barci sun sassauta, tana laluben takalmi da ƙafa. Ba ta yi wa kowa ado ba, gajiya ce kawai a jikinta.