Wa Aka Yi wa Habaicin? Nazari kan Keɓaɓɓun Kalmomin Ilimin Sadarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin koyon aikin jarida ya haddace wasu kalmomi tun makon farko: mai aikawa, saƙo, kafa, mai karɓa, hayaniya, sai martani. Malami zai zana akwatuna a allo, ya ja kibiya daga wannan zuwa wancan, ya ce ga yadda ɗan Adam ke sadarwa. Na daɗe ina ganin waɗannan kalmomi sun yi wa maganar Bahaushe kaɗan, kuma dalilin yana cikin asalinsu.

A 1948 ne Claude Shannon, masanin lissafi a cibiyar binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka, ya fitar da maƙalar da ta haifi wannan zane. Abin da ya dame shi shi ne yadda sigina za ta bi waya ta isa ba ta gurɓace ba, har ya faɗa da kansa cewa ma'anar saƙo ba ta cikin lissafinsa. A 1949 Warren Weaver ya yi wa aikin sharhi, ya jawo shi zuwa maganar mutane. Martani kuwa daga baya aka ɗora shi. Ke nan rigar da aka ɗinka wa tarho ce aka sanya wa baki.

A inda aka ɗinka ta, ta zauna daidai. Wanda ya taɓa laluben Sashen Hausa na BBC a gajeren zango, ƙara tana cinye rabin labari, ya san hayaniya ba sai an yi masa bayani ba. Zaurance ma yana shiga zanen lafiya lau: 'yan mata su cusa gaɓoɓi a cikin kalma, mai mabuɗi ya warware, marar shi ya tashi a tutar babu.

Amma a shiga da allon nan tsakar gida. Uwargida tana shara, ta dubi kaza ta ce, "Ke dai ba ki da aiki sai ci da ɓata wuri." Amarya tana ɗaki tana ji. Wace ce mai karɓa? Kaza aka fuskanta, amarya aka nufa, maƙwabciyar da ta shigo aron turmi kuma ita ce shaidar da za ta fita da labari. Kowace da matsayinta, zanen kuwa akwati ɗaya ya tanada. Ƙarfin habaici ma yana wajen da mai yin sa ya bar wa kansa ƙofar musu. In amarya ta fito ta tanka, sai a ce ai da kaza ake, kowa ya tsargu da shi ake. Saƙo ne da bai cika ba sai wanda aka nufa ya ɗauka da hannunsa, shi ya sa aka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Bahaushe bai tsaya nan ba: ya raba habaici da zambo, wanda ke siffanta mutum har a gane shi a yi dariya, ya raba su da gatse, inda ake faɗin kishiyar abin da ake nufi. Wannan rarrabewa aikin nazari ne cikakke, ko da ba a aji aka yi ta ba.

Haka a fada. Mutum ya faɗi gaisuwa, sarki bai buɗe baki ba, fadawa su ce sarki ya gaishe ka. Murya tasu ce, gaisuwa ta sarki. Masanin zamantakewa Erving Goffman, a littafinsa na 1981 kan sigogin magana, ya nuna cewa dole a tsaga "mai magana" gida uku: mai furtawa, mai tsara kalmomi, da wanda maganar ke wuyansa. Mu da muke da sanƙira da maroƙi da jakadiya mun taso muna ganin wannan rabo da idonmu.

Shiru fa? A waya, shiru rashin sigina ne. A fiƙihun Malikiyya kuwa shirun budurwa, idan aka nemi izininta kan aure, yarda ce. Uwa ta ƙi kiran sunan ɗan farinta, kowa ya karanta kunya da ƙauna a wannan gurbi. Ga harara, ga tsaki, ga zunɗe, ga gyaran muryar maigida a zaure kafin ya shiga.

Ba cewa nake a watsar da kalmomin aro ba. Ɗalibi na buƙatarsu don ya yi zance da takwarorinsa na duniya. Kuma an yi aikin a zo a gani wajen ƙirƙirar kalmomi, musamman Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, wanda ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima. Ƙorafina shi ne habaici da danginsa an bar su a darasin adabin baka kamar kayan ado, alhali su ne ma'aunin da zai bayyana abin da 'yan siyasa ke yi a rediyo, da abin da matasa ke wa juna a Facebook ba tare da kama suna ba.

Ina roƙon malaman sassan aikin jarida da na Hausa a jami'o'inmu, daga Kano da Zariya har Yamai, su zauna tare su ba habaici da danginsa ma'ana tsayayya, su shigar da su manhaja, ɗalibi ya koye su a makon da yake koyon zanen Shannon.