Jinjina Ga Masu Miƙa Littafi Hannu Da Hannu

Yabon gwani ya zama dole. Gwanayen da nake nufi su ne makarantan unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, musamman matan gida, waɗanda ba sa barin littafi ya kwana a akwati. Da an gama karantawa sai a aiki yarinya ta kai maƙota, a ce mata, “Ki ce wa Anti kada ta riƙe shi ya wuce jibi.”

Da irin wannan aro, da shagunan hayar littattafai, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya ratsa lunguna tun 1991, haka ma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Bango ya yage a liƙe shi da salatif, a rubuta suna a shafin farko don kada ya ɓace.

A majalisar maza kuma, musu ne kan mawaƙa Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja: wa ya fi iya zaɓen kalma?

Yau hirar ta koma WhatsApp, amma aikin bai sauya ba. Marubuci ya rubuta, su ne ke nemo masa masu karatu.