Gangar Noma a Cikin Waya

Kamfanoni da ma'aikatu sun gano cewa ma'aikaci ba ya son kwas ɗin intanet. Zai buɗe darasi ya bar bidiyo yana ta zuba, shi kuwa ya tafi harkar gabansa. Tun wajen 2010 aka shiga yi wa karatun ado da kayan wasa: maki, lambar yabo, da allon da ke jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Sai kuma 'yar tunatarwa da ke faɗowa cikin waya, dabarar zungurar mutum a hankali da Richard Thaler da Cass Sunstein suka yayata a 2008. Manhajar Duolingo ta ƙware a nan: tana ƙirga kwanakin da ka jera kana karatu, har ka riƙa tsoron katse su.

Manomin garin Gozaki ba zai ga wani sabon abu a nan ba. A gayya, makaɗi na biye da samari da gangar noma, yana wasa wanda ya fara kai kunyarsa ƙarshen gona. A ƙasar Malumfashi, wanda ya noma dami dubu yakan yi biki a kira shi Sarkin Noma. Gasa ce, amma dubi abin da ake aunawa: huɗar da aka yi, da hatsin da ya shiga rumbu. Ba a samun kirari da wayo, domin gonar na nan kowa na gani. Masu yabon ma mutanen da za ka haɗu da su ne gobe a masallaci, wataƙila har da gidan da kake neman aure.

A nan ne manhaja ke rauni. Abin da take iya ƙirgawa shi ne dannawa. Malamin gona zai iya tara maki a kan darasin tsutsar da ta addabi masara tun 2016, alhali bai taɓa buɗe zuciyar masara ya nuna wa manomi ɓarnarta ba. Tun 1971 Edward Deci ya nuna cewa lada kan iya rage sha'awar aikin da mutum ke yi don kansa. Allon sunaye kuwa na gaba kaɗai yake zaburarwa. Wanda ya ga kansa a ƙasa sau biyu, shi ke nan ya daina buɗewa.

Yankin su Gozaki da Malumfashi ya san horar da ma'aikata. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya fara a tsakiyar shekarun 1970, daga baya tsarin horo da ziyara ya riƙa tara malaman gona duk mako biyu. Da shirin N-Power ya zo a 2016, an raba wa matasa na'urori ɗauke da darussa, da alawus na naira 30,000 a wata. Na'urar ta kawo karatu, amma ba ta zo da idon abokan aiki da wancan zama ke da shi ba.

Ita tunatarwa, a ganina, ta fi maki amfani, muddin ta san lokaci. Saƙon da ya iso wa malamin gona da hantsi a watan Yuli, ana tsakar zuba taki, sharewa za a yi. Wanda ya zo bayan isha'i, da Hausa, gajere yadda ba zai cinye data ba, yana kuma magana kan abin da manoma za su tambaye shi gobe, shi ake buɗewa.