Kafin Sabon Jirgi Ya Iso Kano: Wa Ke Cinye Ƙarfin Rumbun Tikiti?

Idan ka taɓa tsayawa a layin tagar tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Kano, ka san da ido kake gane wanda ya tsayar da layi. Wataƙila mutum ɗaya ne yake sayen kujeru goma yana ƙirga canji. Jirgi ya fara zuwa Kano tun 1911, kuma tun daga lokacin, mai sayar da tikiti yana ganin fuskar kowane mai saye.

To, wannan tagar tana komawa cikin waya. A Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayen tikiti ta intanet a layin Abuja zuwa Kaduna, musamman don magance 'yan cuwa-cuwa. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maradi da na Kano zuwa Kaduna. Don haka mu ma lokacinmu na tafe.

Bayan kowace manhajar tikiti akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye lissafin kujeru. A nan nake da ƙorafi kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin masu kula da irin waɗannan rumbuna: auna nauyin aiki a dunƙule. Allo ya nuna kwamfuta ba ta wahala, sai a ce lafiya lau. Amma lissafin dunƙule yana ɓoye mai laifi. A ce mutum 500 sun shiga lokaci guda, guda uku daga ciki manhajoji ne da ke turo buƙata ba ƙaƙƙautawa suna kame kujeru. Jimillar ba za ta faɗa maka ba. Kai dai za ka ga an ce kujeru sun ƙare.

Kayan awon kuwa akwai su. PostgreSQL yana da pg_stat_activity, wanda ke nuna abin da kowane zama yake yi da abin da yake jira. Oracle yana ɗaukar samfurin zaman da ke aiki duk daƙiƙa ɗaya. Wani zaman ma ba ya cin ƙarfin komai, kulle kawai ya riƙe a kan kujera bai saki ba, kowa na jiransa.

Sai dai akwai tarko. Yawancin manhajoji suna buɗe 'yan ƙofofi ne zuwa rumbun, dubban mutane suna bi ta cikinsu bi da bi. A idon rumbun, duk mutum ɗaya ne. Dole sai manhajar ta liƙa wa kowace buƙata lambar zaman mai ita, in ba haka ba awon banza aka yi.

Za ka ce, ai wannan leƙen asiri ne. Da gaskiyarka, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Amma awon ba ya buƙatar sunanka ko lambarka ta NIN. Lambar wucin gadi ta isa.

Shawarata ita ce a sa wannan sharaɗi cikin kwangila tun kafin a rubuta manhajar Kano. Ƙara shi daga baya ya fi tsada, kuma kafin nan fasinjan Fagge ko Sabon Gari ne zai riƙa sayen kujerarsa ninki biyu a bayan fage.