Kafin Ka Ɗora wa Kwamfuta Laifi, Duba Kayan da Ka Ɗora wa Burauza

Ranar walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanwarsa, ɗan 'yar'uwata ya yini yana ɗaukar bidiyo da waya. Bayan sallar isha'i ya zauna a falona, ya ɗora kwamfuta a kan matashin kujera, ya buɗe wani shafin haɗa bidiyo a burauza, ya zuba masa hoton minti 40 na 4K. Da ya ja layin lokaci sai hoto ya daskare. Fankar kwamfuta ta shiga huci. Da ƙyar hoton ya motsa, sai ga bakin malam yana addu'a, murya kuwa tana biyowa a baya. Ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan kwamfutar ta gama yawo, sai dai a sayi sabuwa."

Kwamfutar lafiyarta ƙalau. Abin da ya same shi yana samun matasa da yawa da suka rungumi wannan sabon yayi na yin editin a cikin burauza.

Ina cikin masu murna da wannan yayi. Tun da Microsoft ya sayi Clipchamp, kamfanin haɗa bidiyo a burauza da aka kafa a Brisbane ta ƙasar Ostireliya, a watan Satumban 2021, ya kuma saka shi cikin Windows 11, ga CapCut da Canva da Kapwing kowannensu da shafinsa, ƙofa ta buɗe wa waɗanda a da sai sun je shagon editin sun biya. Mai sayar da turaren wuta tana haɗa tallarta da kanta. Ɗalibi yana yanko minti 3 daga karatun malaminsa ya sa masa rubutu. Wannan alheri ne. Damuwata ita ce ana ɗaukar waɗannan shafuka kamar babu abin da zai gagare su, alhali kowace allurar ɗinki da kaurin zaren da take iya ɗauka.

Burauza baƙuwa ce a cikin kwamfuta, ba ita ke da gida ba. RAM ɗin da ta samu rabawa take da duk shafukan da ka bari a buɗe da duk ƙananan manhajojin da ka liƙa mata. Hoton 4K kuma kowane firem nasa ɗigo 3840 ne a faɗi, 2160 a tsawo, sama da ɗigo miliyan 8 ke nan, ninki huɗu na 1080p, kuma irinsa 30 ake buƙata a kowace daƙiƙa. Ƙari a kan haka, tsarin matse bidiyo irin H.264 ba ya ajiye kowane firem a cike. Yakan ajiye cikakke guda ɗaya, waɗanda ke biye sai a rubuta abin da ya canza kawai. Idan ka yi tsalle zuwa tsakiyar bidiyo, dole burauza ta koma baya ta nemo cikakken firem, ta sake gina na bayansa ɗaya bayan ɗaya. Sandarewar da ake gani ke nan.

Ya kamata kuma mutum ya san irin shafin da yake aiki da shi. Wasu a kan kwamfutarka suke yin aikin, su ƙarfin na'ura suke ci. Wasu sai sun kwashe bidiyonka zuwa rumbunsu na intanet, su kuwa data suke ci. Minti 1 na 4K kan kai wajen megabait 350, minti 40 ya doshi gigabait 14. Duk wanda yake sayen data da kuɗinsa ya san ciwon wannan lissafi.

A daren nan ba mu kashe ko sisi ba. Mun sauke kwamfutar daga kan matashi zuwa tebur, domin ya toshe mata kafofin shan iska, kuma injin da ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Muka jona caja, saboda kwamfuta kan tsuke ƙarfinta idan tana kan batir. Muka danna Shift da Esc a Chrome, jerin shafukan da ke shan RAM ya fito, muka rufe su. Muka shiga saitin burauza muka kunna wurin da ke ba ta damar amfani da katin hoto, wanda yake a kashe. Tun daga Chrome 94, a 2021, shafuka suka samu hanyar amfani da sashen na'ura mai warware bidiyo kai tsaye, amma idan saitin nan a kashe yake, duk nauyin kan babban injin yake faɗawa.

Saɓanin murya da baki kuwa daga waya ya samo asali. Waya kan sauya yawan firem a daƙiƙa, musamman idan haske ya ragu, kuma an ɗauki addu'ar ne dab da magariba. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, ta mayar mana da hoton 1080p a kan firem 30 tsayayye. Da muka sake ɗora shi, murya ta zauna daidai bakin malam. Na kuma gargaɗe shi da abu biyu: kada ya bar shafin ya koma wani yayin da ake fitar da bidiyo, kuma kada ya goge bayanan burauza kafin ya gama, domin wasu shafukan a nan suke ɓoye aikin.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Gyaran gaske wajen ɗauka yake farawa. Idan a waya za a kalli bidiyonka, ta WhatsApp da zai sake matse shi, 1080p ya wadatar. Gajeren bidiyo na minti 5 mai rubutu da sauti, burauza za ta ɗauke shi cikin sauƙi. Aikin sa'a guda mai kyamarori uku da gyaran launi kuwa, a sauke Shotcut ko Kdenlive, su ma kyauta ne, ko DaVinci Resolve ga mai ƙaƙƙarfar kwamfuta. Sanin inda kayan aikinka ya tsaya yana cikin sanin sana'a.

Kuma rabin nauyin da ake ɗora wa burauza ado ne da bidiyon bai nema ba: walƙiya, juye-juyen hoto, rubutu mai tsalle. Mun cire su duka, muka kuma datse bidiyon, minti 40 suka koma 6. Abin da ya rage shi ne inda muryar yarinyar ta yi rawa a ayar ƙarshe, mahaifiyarta ta sa gefen mayafi ta share ido. Wurin nan dangi suka yi ta maimaitawa, kuma tsohuwar kwamfutar da aka so a yar ce ta fitar da shi.