Daura Ta Ba Da Aron Fili, Saura Ta Ba Da Labari

A ƙarshen shekarar 2024 kwamitin da ke zaɓar fim ɗin da zai wakilci Nijeriya a gasar Oscar ta Amurka ya tsayar da wani fim na Hausa mai suna Mai Martaba. Wanda ya ba da umarninsa shi ne Prince Daniel, ma'aikacin rediyon nan da mutanen Kano suka fi sani da Aboki, kuma labarin ya faro ne daga wasan kwaikwayon da aka yi ta sauraro a tashar Arewa Radio kafin a mayar da shi na kallo. Adam A. Zango na cikin 'yan wasan. A Daura aka ɗauke shi. Bai samu shiga jerin finafinai 15 da aka tace a watan Disamba ba, daga ƙarshe ma fim ɗin ƙasar Brazil ne ya tafi da kambin, amma duk mai kishin harshen nan ya ji daɗi. A 2019 an kori fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji daga wannan rukuni na finafinan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi masa yawa. Wanda aka aika bayansa, The Milkmaid, mafi yawan maganarsa Hausa ce. Sai ga Mai Martaba kuma, an sake tafiya da harshenmu.

Ni ma na yi murna, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Masarautar da ke cikin fim ɗin sunanta Jallaba, ƙasar da marubuci ya ƙirƙira. Ginin ƙasa da dawakai da rairayi da hasken rana duk na Daura ne, labarin kuwa na wani wuri ne da babu shi. Wannan ba laifin Aboki ba ne, labarinsa ya zo da shi, ya nemi wurin da ya dace, ya samu, kuma ya kyauta da ya zaɓi Daura. Tambayata ga 'yan Daura ce, musamman samari da 'yan mata masu riƙe da kyamara da waya: yaushe za mu ga cikakken fim wanda ɗan Daura ko Zango ko Ɓaure ko Sandamu ko Mai'aduwa ya rubuta, ya ɗauka a unguwarsu, ya kira garin da sunansa?

Na san amsar da za a ba ni, don ita ake bayarwa kullum: babu kuɗi, kuma kasuwar fim ta mutu. Rabin maganar gaskiya ce. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa a kan kaset ta rayu, daga baya faifan CD. Furodusa ya haɗa jarinsa, ya yi fim, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, a buga, a rarraba har Maraɗi da Damagaram da Kumasi. Satar fasaha da masu turawa a waya suka rusa wannan tsari. Da faifai ya daina sayuwa, sai kowa ya koma ga shiri mai dogon zango. Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a Arewa24, Labarina na Aminu Saira, Izzar So na Lawan Ahmad a YouTube, su suka nuna hanya, sauran jama'a suka bi.

Ban raina waɗannan shirye-shirye ba. Sun riƙe sana'ar a lokacin da ta kusa durƙushewa, sun ciyar da gidaje da yawa, wasunsu kuma an yi su da basira. Amma mu duba yadda kuɗin ke shigowa, don shi ke juya alƙalamin marubuci. YouTube na biya ne gwargwadon tallan da aka nuna da yawan kallon da aka yi, kuma kallon da ya fito daga Nijeriya ko Nijar ba ya kawo abin da na Turai ko Amurka ke kawowa. Saboda haka dole mai tasha ya saki sabon kashi kowane mako, ya ja shi ya yi tsawo, ya yanke shi a daidai inda ran mai kallo zai rataya. Marubucin da ke aiki a wannan hali an hana shi abu mafi muhimmanci a sana'arsa, wato ya ƙare labari. In mutane suka so wani jarumi ba zai mutu ba ko da labarin ya kai shi bakin kabari. In auren da ake jira ya ɗauru a kashi na 20, sai a nemo kishiya ko ɓataccen ɗa ko wasiyyar da aka ɓoye, a sake sabon lale. Kunu ne ake ta ƙara wa ruwa don ya kai ga kowa, har a rasa ɗanɗanon geron.

Yaron da ya tashi yana koyon fim a wannan yanayi bai taɓa zama ya auna labari daga farko zuwa ƙarshe cikin minti 90 ba. Bai san zafin jefar da fitowa mai kyau saboda ba ta ƙara wa labarin komai ba. Wannan ita ce asarar da ta fi damuna, domin ba a ganinta a lissafin kuɗi, sai bayan shekaru a waiwaya a tarar babu fim ɗaya na wannan zamani da za a ɗauko a nuna wa baƙo a ce ga mu nan.

Ɗaya rabin amsar, na rashin kuɗi, shi ne ban yarda da shi ba. Mun saba jiran wani babba ya zo ya gyara mana. A 2016, lokacin mulkin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a Kano, malamai da jama'a da dama suka nuna ƙin amincewa, aka janye. Tun daga nan ake ta zancensa kamar da an gina shi da an huta. A 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka sake ɗaga kai ana jira. Ina yi masa fatan alheri, amma babu hukumar da za ta zauna ta rubuta wa ɗan Mai'aduwa labarin garinsu.

A leƙa maƙwabta. Oumarou Ganda na Nijar tsohon soja ne da ya yi yaƙi a rundunar Faransa, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abidjan, ya dawo gida ya yi Cabascabo a kan sojan da ya dawo ya ƙarar da abin hannunsa. A 1972 fim ɗinsa a kan auren mace fiye da ɗaya ya zama na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Ba shi da ƙauyen fim. A Iran, inda dokar tace fim ta fi ta Kano tsauri nesa ba kusa ba, Majid Majidi ya yi Children of Heaven a 1997. Labarin duka a kan takalmi ne: yaro ya ɓatar da na ƙanwarsa, suna tsoron faɗa wa mahaifinsu matalauci, sai suka riƙa karɓa-karɓa da nasa wajen zuwa makaranta. Babu rawa, babu taɓa jiki, babu abin da malami zai yi wa huɗuba, kuma ya shiga cikin biyar na ƙarshe a wannan rukunin Oscar ɗin da muke hange. Kusa da mu ma, a Kaduna, wasu yara da suka kira kansu The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da gajerun finafinan da suka ɗauka da wayar hannu mai fasasshen gilashi.

Saboda haka shawarata ga mai son yin fim a Daura ita ce kada ya fara da Bayajidda. Na san nan zuciya ke fara zuwa: rijiyar Kusugu, macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, sarauniya Daurama, Bawo da 'ya'yansa. Akwai ma wanda ya fi wannan nama a wajen mai rubutu, wato yadda sarakunan Haɓe suka bar birnin bayan jihadi, suka yi zaman kusan shekara ɗari a wajensa, a Zango da kewaye, har aka dawo da Malam Musa gadon sarauta a farkon ƙarni na 20. Waɗannan labarai suna jiran ranarsu. Amma suna cin dawakai da sulke da lifidi da ɗaruruwan mutanen da za a ciyar, kuma in aka yi su da ƙarancin jari sai su fito abin tausayi, a ga rawanin jiya da takalmin roba na yau. Fim ɗin Amina da aka sa a Netflix a 2021 ya samu kuɗi daidai gwargwado, duk da haka 'yan Arewa da yawa sun yi ƙorafin harshe da sutura da yadda aka taɓa tarihin Zazzau. Tarihin fada amana ce, ba a fara koyon aiki a kansa.

Labaran da suka dace da ƙaramin aljihu suna nan a bakin titi. Ɗauki Kongolam, da ke bakin iyakar Nijar. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A Abuja wannan magana ce ta shinkafa da siyasa. A ƙasar Daura kuwa magana ce ta gida: uwa tana wannan gefe, 'yarta na aure a wajen Matamaye, haihuwa ta zo, hanyar da aka saba bi tun kaka da kakanni ta zama ta laifi. Tsohuwa ɗaya, ɗan acaɓa ɗaya da ya san hanyar daji, jami'i ɗaya mai tausayi da ke tsoron rasa aikinsa, yini guda. Wannan cikakken fim ne, kuma 'yan wasansa ba su kai goma ba. Ko dillali a karar dabbobi ta Mai'aduwa da aka ba amanar sa, ya sayar, kuɗin suka salwanta kafin magariba. Ko manomin da layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya ratsa gonar gadonsu, diyya ta fito, 'yan'uwan da aka shekara ba a gani ba suka bayyana. Ko mai kula da dokin wani hakimi a makon Sallar Gani, dokin ya kwana da ciwo ana gobe hawa. A wannan na ƙarshe ma mai fim zai samu abin da kuɗi ba sa saye, domin in ya nemi izini ta hanyar da ta dace, hawan gaske ne zai wuce a gaban kyamararsa, da algaita da tambura da ƙura.

In aka samu labarin, inda finafinanmu ke faɗuwa sananne ne. Na farko sauti. Mai kallo zai yafe hoton da bai fita sosai ba, amma ba zai zauna wa maganar da iska ko ƙarar janareta ta cinye ba, kuma iskar hunturu a Daura ba ta da sauƙi. Wanda zai kashe rabin jarinsa wajen hayar babbar kyamara da jirgi mara matuƙi, gara ya rage, ya nemi makirfo mai kyau da mutumin da aikinsa kawai sauraro ne. Na biyu gaggawa. An saba shiga lokeshan da rabin rubutu, a ce wa ɗan wasa ga abin da ake so, ya ƙarasa da bakinsa. Rubutu kuwa shi ne kaɗai sashen fim da ba ya cin kuɗi, sai lokaci. A yi wata shida ana gyara shi, a karanta wa tsofaffin unguwa, a ji inda za su ce mu ba haka muke faɗa ba.

Wannan ya kawo ni kan harshe, kuma a nan nake da zafi. Hausar fim ta zama iri ɗaya, ta birnin Kano da aka yayyafa wa Turanci, ko mutumin ƙauye ne ke magana ko basarake. Daura tana da karinta, mutanen bakin iyaka suna da nasu da Faransanci ya ɗan shiga, Fulanin rugagen da ke kewaye suna da yadda suke juya Hausa. Darakta ya bar mutane su yi magana da bakinsu. Ya rage dogaro da fitaccen jarumin da za a ɗauko daga Kano, a biya shi sallamar da ta kai ta sauran ma'aikata gaba ɗaya, ya zo ya yi kwana biyu yana duba agogo. A Kwalejin Yusuf Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura akwai matasan da za su iya, a kasuwa ma akwai fuskokin da kyamara za ta so. Abin da suke bukata shi ne a yi makonni ana gwaji da su kafin ranar ɗauka, kuma a biya su haƙƙinsu, a rubuce, kowa ya san rabonsa in fim ya kawo wani abu. Mata kuma a je gidajensu a yi wa iyaye bayani, a nuna musu rubutun. Yawancin ƙyamar da ake yi wa fim a garuruwanmu daga rashin wannan ladabi ta samo tushe.

Saura tambayar da ta fi kowace wuya: in an gama, a ina za a nuna? Kada a yi saurin jefa shi YouTube, domin ranar da ya hau, ranar ya gama kawo kuɗin kirki, kuma manyan bukukuwan fim da yawa ba sa karɓar abin da ya riga ya bazu a intanet. A fara da gida. A bi ƙa'idar hukumar tace finafinai, a ari zauren makaranta ko na ƙaramar hukuma, a kafa majigi, a sa kuɗin shiga da talaka zai iya, a ware lokacin mata da iyali da rana. A zagaya ƙananan hukumomi biyar na masarautar, a je Katsina da Kazaure da Kano. A sa masa fassarar Turanci da Faransanci a ƙasan hoto, wadda wanda ya iya ya yi, sannan a aika shi bikin KILAF na Kano, da Zuma na Abuja, da AFRIFF na Legas, da FESPACO da ake yi duk bayan shekara biyu. Bayan nan a nemi tashar talabijin ko manhajar da za ta saya.

Kuma a adana asalinsa a wuri fiye da ɗaya. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru da dama ana zaton ya ɓata, sai da aka tsinto faifansa a ma'ajiyar hukumar fim, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin Berlin na 2018. Wancan a kan faifan sinima yake, shi ya sa ya jure. Na yanzu a cikin kwamfutar edita suke zaune, kuma da yawa daga finafinan zamanin kaset da CD ko masu su ba su da kwafi mai kyau a hannu.