Mazaunin Kyamara Mai Sarrafa Kansa da Tseren Yawan Fiksel

Hoton gigafiksel shi ne wanda ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi shi, wato fiksel, suka kai biliyan ɗaya ko suka zarce, kuma da yake kyamarar da ake saya a kasuwa ba ta kama wannan adadi a ɗauka guda, sai a ɗauki ɗaruruwa ko dubban hotuna a harhaɗa su da manhajar kwamfuta, aikin da masu sana'ar ke kira ɗinki. Abin da ya mayar da wannan wahala aikin da mutum ɗaya zai iya shi ne wani mazauni mai inji da ake kafawa a kan ƙafa uku a ɗaure kyamara a kansa. Mai hoto zai nuna masa kusurwar sama ta hagu da kusurwar ƙasa ta dama na abin da yake son ɗauka, shi kuma ya lissafa yawan layuka, ya riƙa juyawa yana tsayawa yana danna maɓalli, yana barin gefen kowane hoto ya hau kan na kusa da shi domin manhajar ta sami inda za ta kama. Dole juyawar ta kasance a kan wani gurbi takamaimai cikin gilashin kyamarar, domin in aka kuskure shi abin da ke kusa zai goce daga abin da ke nesa, ɗinkin kuwa ya ƙi zama.

Na'urar da ta fi yaɗa wannan fasaha ita ce GigaPan, wadda ta fito daga haɗin gwiwar Jami'ar Carnegie Mellon da cibiyar bincike ta Ames ta hukumar NASA a Amurka, tare da tallafin Google. Tushenta na komawa ga dabarar da motocin bincike Spirit da Opportunity, waɗanda suka sauka a duniyar Mars a 2004, suka bi wajen aiko da faffaɗan hotuna gunduwa-gunduwa. Duniya ta waiwayo gare ta a watan Janairun 2009, sa'ad da David Bergman ya ɗauki hotuna 220 a bikin rantsar da Barack Obama ya ɗinke su zuwa hoto guda mai megafiksel 1,474, wanda mai kallo ke iya zuƙowa har ya ga fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ne aka shiga tseren adadi, kuma a nan ne fasahar ta fara karkata daga inda amfaninta yake. A 2013 aka fitar da hoton birnin Landan mai gigafiksel 320 da aka ɗauka daga saman hasumiyar BT, bayan shekara biyu kuma aka fitar da na dutsen Mont Blanc mai gigafiksel 365, wanda Filippo Blengini da abokan aikinsa suka haɗa daga hotuna kusan 70,000. Ƙoƙarin ba ƙarami ba ne, amma yawan fiksel bai zama ma'aunin abin da ido zai gani ba, saboda tsakanin kyamara da gini mai nisan kilomita da yawa akwai iska mai hazo da ƙura da rawar zafi, kuma duk yadda gilashi ya kai wajen zuƙowa, dishi-dishin da iskar ta kawo shi zai ƙara girma. Babban kaso na waɗannan biliyoyi sararin sama ne da hazo kawai.

Akwai kuma batun lokaci, wanda masu tallata irin waɗannan hotuna ba safai suke ambatawa ba. Hoton da aka kwashe sa'o'i ko kwanaki ana ɗaukarsa ya tattara lokuta masu yawa ne ya nuna su kamar ƙiftawar ido guda, shi ya sa ake cin karo da mutum ya fito sau biyu, ko mota rabinta ya ɓace, ko inuwa ta sauya wuri daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda zai kafa hujja da irin wannan hoto, musamman ɗan jarida, wajibi ne ya bayyana wa mai kallo tsawon lokacin ɗaukar. Taron jama'a ma yana da nasa haƙƙin, domin mutumin da ya shiga cikin dubban mutane bai amince a zuƙo fuskarsa daga nesa a ajiye ta a intanet har abada ba.

Inda na'urar ke cika alƙawarinta shi ne gaban abin da ba ya motsi kuma yake buƙatar a adana kamanninsa dalla-dalla. Masana duwatsu sun daɗe suna amfani da GigaPan wajen ɗaukar fuskar dutse, ta yadda ɗalibin da bai taka wurin ba zai iya bin layukan dutsen daga faɗinsa har zuwa ƙwayoyinsa. Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya kai wannan tunani matuƙa a 2022, lokacin da ya fitar da hoton zanen Rembrandt na 1642 da aka fi sani da Night Watch, mai gigafiksel 717, daga hotuna 8,439. A can kyamarar ba juyawa take a wuri ɗaya ba, tafiya take a jikin wani firam daura da zanen, tazararta ba ta canzawa, haske kuma yana hannun masu aikin. Kowane fiksel ya ɗauki abin da bai kai ƙwayar jinin ɗan Adam girma ba, kuma kowannensu yana da aiki: masu gyaran zanen na iya bin tsagewar fenti guda, su auna ta, sa'annan bayan shekaru su sake ɗauka su ga ko ta ƙara buɗewa.